Koyon aikin ofis da kwamfuta a Garwa: yadda ake gane horon da masu ɗaukar ma'aikata ke mutuntawa

A Garwa da Marwa da Ngaundere, da wuya a bi babban titi ba a ga allon da aka rubuta "Secrétariat bureautique" ko "Formation en informatique" ba. Wasu cibiyoyin suna da ɗakunan karatu da malamai da izinin gwamnati. Wasu kuwa shagon buga takardu ne da aka ajiye kwamfuta uku a bayansa. Dukansu suna ba da takarda mai hatimi idan an gama, amma takardun ba darajarsu ɗaya ba. Iyali kan tara kuɗi a tura yaro ko yarinya, a yi wata uku ko shida ana zuwa, sai ranar neman aiki a zaunar da mutum gaban kwamfuta a ce ya shirya jadawalin albashin ma'aikata goma, nan ido ya raina fata. Wannan bayani ya tattaro abubuwan da ya kamata a bincika kafin a biya ko sisi.

Me ake nufi da bureautique?

Kalmar Faransanci ce da ta ƙunshi duk aikin ofis da ake yi da kwamfuta: rubuta wasiƙu da rahotanni, lissafi a cikin jadawali, shirya bayanin da za a haska a taro, aika saƙon imel da adana fayiloli. Manhajojin da suka fi yaɗuwa na kamfanin Microsoft ne: Word na rubutu, Excel na lissafi, PowerPoint na gabatar da bayani, Outlook na imel. Akwai kuma LibreOffice da ake saukewa kyauta, da Google Docs da Google Sheets masu aiki ta intanet. Wanda ya ƙware a ɗaya ba ya shan wahalar komawa ɗayan, amma yawancin sanarwar neman ma'aikata a Kamaru Word da Excel suke ambata da suna.

Bureautique daban yake da gyaran kwamfuta, da zanen hotuna da kati, da rubuta manhaja. Cibiyar da ta yi alkawarin koyar da duka huɗun a wata uku, ɗanɗano kawai za ta bayar.

Su wa ke ɗaukar ma'aikata, kuma me suke dubawa?

Masu ɗaukar ma'aikatan ofis a arewacin Kamaru sun kasu kusan gida huɗu, kuma kowane gida da abin da ya fi damunsa.

Na farko gwamnati. Shiga aikin gwamnati ta hanyar jarrabawar gasa ake yi, wadda ake kira concours, kuma kowace sanarwa tana fayyace takardar karatun da ake buƙata, kamar BEPC, CAP, Probatoire, Baccalauréat ko BTS. Takardar halartar kwas ba ta maye gurbin waɗannan. Iyakarta ta ƙara wa mutum ƙwarewa.

Na biyu manyan kamfanoni. Garwa ce hedikwatar SODECOTON, kamfanin audugar da aka kafa a 1974, akwai kuma bankuna, ƙananan cibiyoyin ba da rance, kamfanonin sadarwa da na sufuri. Irin waɗannan wurare suna duba takarda, sannan sau da yawa su gwada mutum a aikace.

Na uku ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa, waɗanda suka yawaita a jihar Arewa Mai Nisa tun bayan da rikicin Boko Haram ya tsallako iyaka, aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a 2013. Su sun fi buƙatar mai iya Excel sosai, mai iya rubuta rahoto cikin Faransanci mai tsabta, wanda kuma ya san manhajojin tattara bayanai da waya irin su KoboToolbox.

Na huɗu 'yan kasuwa, makarantu masu zaman kansu, asibitoci, kantunan magani da shagunan buga takardu. Babban ɗan kasuwar da ke sauke kaya daga Duwala ko Yola bai cika tambayar takarda ba. Yana son wanda zai riƙe masa lissafin shiga da fita, ya fitar da takardar ciniki ba kuskure, ya kuma riƙe amana.

Saboda haka kafin a zaɓi cibiya, a fara sanin ƙofar da ake son ƙwanƙwasawa. Hanya mai sauƙi ita ce a tattara sanarwar neman ma'aikata goma na irin aikin da ake so, a rubuta takardu da manhajojin da suka fi maimaituwa, sannan a auna kowace cibiya da wannan jerin.

Takardun shaida da bambancinsu

Koyar da sana'a a Kamaru yana ƙarƙashin Ma'aikatar Samar da Aiki da Koyar da Sana'a, MINEFOP, kuma dokar da ke tsara shi ita ce mai lamba 2018/010 ta ranar 11 ga Yulin 2018. Takardun da ake yawan ji su ne waɗannan.

Attestation de fin de formation: takarda ce da cibiya ke bayarwa da kanta, tana shaida cewa mutum ya halarci horo ya kammala. Darajarta gwargwadon sunan cibiyar ne a gari.

CQP da DQP: takardun ƙwarewar sana'a ne na tsarin MINEFOP. DQP ana samun sa ne bayan jarrabawar ƙasa da ma'aikatar ke shiryawa, kuma secrétariat bureautique na cikin fannonin da ake zanawa. Horon kan ɗauki kusan shekara guda, haɗe da zaman koyon aiki a ofis. Nauyinsa ya zo ne daga cewa ba malamin da ya karɓi kuɗin ɗalibi ne kaɗai ke yanke hukuncin cin jarrabawa ba.

Baccalauréat na fannin ACA: ana yin sa a makarantun sakandaren fasaha, ya shafi aikin gudanarwa da sadarwar ofis. Fannin CG kuma na lissafin kuɗi ne. Iyayen da 'ya'yansu ke sakandare za su iya duba wannan hanya tun da wuri.

BTS: karatun shekara biyu ne bayan Baccalauréat, da jarrabawar ƙasa a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi. A tsarin Ingilishi HND ne takwaransa. Shi ya fi dacewa da mai burin zama mataimakin darakta ko akawun babban kamfani.

Akwai kuma takardun ƙasa da ƙasa. MOS ta Microsoft ce, kamfanin Certiport ke gudanar da jarrabawarta, kowace manhaja da tata jarrabawar, ana yi a kan kwamfuta cikin kimanin minti 50, kuma ana buƙatar maki 700 cikin 1000. ICDL, wadda aka daɗe ana kira PCIE a Faransa, tana gwada fannoni ɗaya bayan ɗaya. TOSA kuwa maki take bayarwa har zuwa 1000, mai ɗaukar aiki ya ga matakin mutum. Amfaninsu shi ne ana iya tantance su ta intanet, kuma suna tsallaka iyaka. Sai dai a kula: galibi ana zana su ne a cibiyar da aka amince mata. Cibiya ta ce tana "shirya ɗalibai" domin MOS ba ya nufin ita ce ke ba da takardar. A tambayi inda za a zana, da ko kuɗin jarrabawar na cikin kuɗin makaranta.

Izinin cibiya

Cibiya mai zaman kanta tana buƙatar izinin MINEFOP, wanda ake kira agrément. Abu uku ake dubawa a jikinsa. Na ɗaya, sunan cibiyar da garin da take, domin izinin da aka ba wata cibiya a Yawunde ba hujja ba ce ga duk wanda ya ɗauki sunanta ya rataya a Garwa. Na biyu, kwanan wata, domin izinin na da wa'adi, ana sabunta shi. Na uku, fannonin da aka amince ta koyar: mai izinin ɗinki da gyaran gashi ba lallai ne yana da na aikin ofis ba.

Ba a tsaya ga kofin da aka manna a bango ba. Ma'aikatar na da ofishin jiha a Garwa, Marwa da Ngaundere, da ofisoshi a manyan garuruwan gundumomi. Zuwa a tambaya ba ya cin fiye da kuɗin babur, kuma a can ne za a ji ko cibiyar na gabatar da ɗalibai a jarrabawar DQP. Kalmar "ana kan neman izini" ba izini ba ce.

Ina ake koyo?

Ban da cibiyoyi masu zaman kansu, akwai na gwamnati da galibi suka fi sauƙin kuɗi. Garwa na da cibiyar gwamnati ta horar da ma'aikatan ofis cikin gajeren lokaci, CFPR-EB, a ƙarƙashin MINEFOP. Cibiyoyin matasa na CMPJ da cibiyoyin mata da iyali na CPFF suna nan a garuruwa da dama, kuma da yawansu na koyar da kwamfuta. Ga matan aure da 'yan matan da iyaye ba sa son su yi nisa ko su kai dare, CPFF wuri ne da ya cancanci a fara leƙawa.

Asusun samar da aiki na ƙasa, FNE, wanda aka kafa a 1990, yana rajistar masu neman aiki kyauta, yana ba da shawara, yana kuma haɗa wasu da horo ko da kamfanoni. Ma'aikatansa na ganin buƙatun kamfanoni kullum, don haka ra'ayinsu kan wace takarda ke tafiya yana da amfani.

Cibiyar IAI-Cameroun ta gudanar da shirin koya wa mata 100 000 kwamfuta, daga baya ta kawo MIJEF 2035 na matasa da yara da mata. Irin wannan horo na share fage ne. Yana cire wa mutum tsoron kwamfuta, amma bai isa shi kaɗai ya mai da mutum sakatare ba.

Ga mai Baccalauréat, akwai Jami'ar Ngaundere da cibiyarta ta fasaha IUT, Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, da manyan makarantu masu zaman kansu da ke shirya BTS.

Abin da ya kamata tsarin karatu ya ƙunsa

A nemi a ga tsarin karatun a rubuce, mako bayan mako. Cibiyar da ba ta da shi, abin da ya zo bakin malami shi ake koyarwa.

A Word, buga rubutu da canza launi ba ƙwarewa ba ce. Ofis na son wasiƙar hukuma bisa tsarinta, da rahoto mai kanun babi da lambar shafi da jerin abin da ke ciki wanda manhajar ke fitarwa da kanta, da publipostage, wato haɗa wasiƙa ɗaya da jerin sunaye a fitar da ɗari, kowace da sunan mai ita. Makarantar da ke da ɗalibai 600 da wannan take fitar da takardun gayyatar iyaye cikin sa'a guda.

A Excel ne ake rarrabe ƙwararre da ɗan koyo. Wajibi ne horon ya wuce SOMME da MOYENNE, ya kai ga SI, NB.SI, RECHERCHEV, tacewa da jera bayanai, da tableau croisé dynamique, wato jadawalin da ke taƙaita dubban layuka a ƴan daƙiƙu. Ga gwaji mai sauƙi da za a iya ba tsohon ɗalibin cibiyar: kwali 40 na kaya, kowane a kan sefa 18 000, a fitar da takardar ciniki da harajin TVA na Kamaru, wato kashi 19,25 cikin ɗari. Kuɗin kaya 720 000, haraji 138 600, jimla 858 600. Sannan a canza adadin zuwa kwali 55. Idan jimlar ta sauya da kanta, ya iya. Idan ya jawo waya yana lissafi, an koya masa zana layuka ne kawai.

Sauran abubuwan su ne saurin bugu da yatsu goma ba tare da kallon madannai ba, rubuta imel na aiki da liƙa masa fayil, mai da takarda PDF, ɗaukar hoton takarda da na'ura, tsara fayiloli yadda wani zai same su, da kiyaye kwamfuta daga ƙwayoyin cutar da ke yawo a ƴan sandunan USB. Cike takardu ta intanet ma ya zama aikin yau da kullum, tun da rajistar concours da bayyana haraji duk sun koma can.

Mai son ɓangaren kuɗi ya tambayi ko ana koyar da Sage, da ko lissafin na bin tsarin SYSCOHADA da aka sabunta, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018 a ƙasashen OHADA. Kamaru da Chadi da Nijar na ciki, Najeriya ba ta ciki.

Matsalar iyaka: Faransanci ko Ingilishi

Iyalai da yawa na Hausawan Garwa suna da dangi a Yola, Mubi, Maiduguri ko Kano, kuma akan tura yaro can ya koyi kwamfuta. Ilimin ɗaya ne, amma akwai bambance-bambancen da ke kayar da mutum ranar gwaji.

Allon madannai a ofisoshin arewacin Kamaru galibi AZERTY ne, a Najeriya kuwa QWERTY. Haruffan A, Q, Z, W da M ba wuri ɗaya suke ba, kuma a AZERTY sai an danna Maj kafin lambobin layin sama su fito. Sunayen umarnin Excel ma sun bambanta: SUM shi ne SOMME, IF shi ne SI, VLOOKUP shi ne RECHERCHEV. A tsarin Faransanci ana raba sassan umarni da waƙafi mai ɗigo, a na Ingilishi da waƙafi zalla. Inda ɗan Najeriya zai rubuta 19.25, ɗan Kamaru 19,25 zai rubuta. Mako biyu na atisaye sun isa a saba, amma a yi su kafin ranar jarrabawa.

Wanda ya iya tsarin biyu yana da riba, domin Faransanci da Ingilishi duka harsunan hukuma ne a Kamaru, kuma kasuwancin da ke tsakanin Garwa da Yola na buƙatar mai rubuta takarda a kowane ɓangare. Wanda kuma ya yi babban karatu a waje, kamar difloma ko digiri, yana buƙatar takardar daidaita matsayi, équivalence, daga Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi kafin ya shiga concours da ita.

Akwai ƙaramar ƙwarewa da ba kowa ke da ita ba: buga haruffa masu lanƙwasa na Hausa da Fulfulde, irin su ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Akwai tsarin madannai na harsunan Kamaru da ƙungiyar SIL ta samar, na AZERTY da na QWERTY. Gidajen rediyo, masu fassara da ƙungiyoyin wayar da kai na buƙatar wanda ya san wannan.

Abu ɗaya kwamfuta ba ta gyarawa: raunin Faransanci. Sakataren da ke bugu da sauri amma wasiƙarsa cike da kurakurai ba ya daɗewa a kujera. Wanda ya san yana da wannan rauni ya zaɓi cibiyar da ke haɗawa da darasin rubutun hukuma.

Injuna, wuta da sa'o'i

Gani ya kori ji. A ziyarci cibiyar a lokacin darasi, ba lokacin da mai ita ya zaɓa ba. A ƙirga ɗalibai, a ƙirga kwamfutocin da ke kunne.

Lissafin mai sauƙi ne. Horon wata uku, sa'a biyu a rana, kwana biyar a mako, ya kama sa'a 120. Idan mutum uku ke raba kwamfuta ɗaya, kowa sa'a 40 ya samu. A ɗauka, a matsayin misali kawai, wata cibiya na karɓar sefa 45 000 mutum uku a inji ɗaya, wata na karɓar 75 000 kowa da injinsa. A ta farko kowace sa'ar aiki ta tashi a kan 1125, a ta biyu 625. Araha ba ta ado.

Wutar jihohin arewa uku ta dogara sosai ga madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya a lokacin zafi akan sha ɗaukewar wuta. A tambayi ko cibiyar na da janareto ko faifan hasken rana, da ko ana rama darasin da rashin wuta ya cinye.

A duba kuma shekarun manhajar. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 da Office 2016 da Office 2019 ranar 14 ga Oktoban 2025. Har yanzu suna aiki kuma ana iya koyon tushe a kansu, amma sabon umarni irin RECHERCHEX sai a Office 2021 zuwa sama ko Microsoft 365. Cibiyar da ke kan Office 2007 ta bar ɗalibanta a baya.

Zaman koyon aiki

Stage, wato zaman wata ɗaya zuwa uku a ofis na gaske, shi ne gadar da ke tsakanin aji da albashi. A tambayi cibiyar sunayen ofisoshin da ta tura ɗaliban bara, da ko ita ke nemowa ko ɗalibi ake bari da yawon neman wuri. A nemi kuma ganawa da tsofaffin ɗalibai biyu ko uku. Cibiyar da ɗalibanta ke aiki ba ta ɓoye su.

Alamomin da ke sa a ja da baya

Alkawarin aiki tabbas bayan kammalawa. Takardar da ake bayarwa ba jarrabawa. Ƙin ba da rasit. Kuɗaɗen da ba a faɗa tun farko ba, na rajista, na riga, na jarrabawa, na karɓar takarda. Malami ɗaya da ke koyarwa yana kuma buga wa masu ciniki takardu a lokaci guda. Da matsa wa mutum ya biya duka yau wai gurbi zai ƙare. Mafi aminci shi ne a karɓi jimlar kuɗin a rubuce, a biya kashi-kashi, a adana kowane rasit.

Bayan an kammala

Abin da ba a taɓawa yana gudu. Wanda ba shi da kwamfuta a gida zai iya karɓar aikin buga takardu a shago, ko ya riƙe lissafin shagon mahaifinsa ko na ƙungiyar adashen unguwa a Excel. Ya kuma tara samfurin aikinsa: wasiƙar hukuma ɗaya, rahoto mai shafi goma, jadawalin kaya da takardar ciniki mai lissafa kanta, a buga su a takarda, a kuma riƙe su a USB. A takardar neman aiki, maimakon a rubuta cewa an san kwamfuta, a ambaci abin da aka iya da sunansa: publipostage, RECHERCHEV, tableau croisé dynamique, adadin kalmomin da ake bugawa a minti. Takardar shaida ce ke sa a kira mutum ganawa, amma abin da hannunsa ya yi a gaban mai ɗaukar aiki shi ke sa a ce ya dawo ranar Litinin.